Koyo ta hanyar aiki a gundumomin makarantun Amurka: me ke haɗa hukuma da iyaye rigima?

Me ya sa tsarin koyarwa guda ɗaya zai sha yabo a wani gari, har malamai su riƙa yin tattaki daga nesa don su gani da idonsu, a wani garin kuma iyaye su tashi haiƙan sai an soke shi tun shekarar karatu ba ta kai rabi ba? Wannan tambaya tana yawan tasowa a Amurka duk lokacin da wata gundumar makarantu ta ce za ta koma koyar da yara ta hanyar aikin da za su yi da kansu, maimakon zaman sauraron malami da kwafar rubutu daga allo. A watan Disamba na 2017, gundumar makarantun garin Cheshire da ke jihar Connecticut ta dakatar da wani tsari na koyo ta hanyar aiki da kwamfuta mai suna Summit Learning bayan watanni kaɗan da fara shi, kuma shugaban gundumar ya danganta lamarin da rashin fahimta da labaran da ba daidai ba da suka yaɗu cikin jama'a. Iyayen da suka tattara sa hannu a kan takardar ƙorafi ba su yarda cewa rashin fahimta ne ya dame su ba. A tsakanin waɗannan maganganu biyu ne batun yake kwance, kuma ba za a gane shi ba sai an fara sanin wa ke da makaranta a Amurka.

Mece ce gundumar makarantu, kuma wa ke juya ta?

Gwamnatin tarayyar Amurka ba ta tafiyar da makarantun firamare da sakandare, ba ta kuma tsara musu manhaja guda. Kowace jiha ce ke gindaya abin da take son ɗalibi ya sani a kowane aji, sannan gundumomin makarantu, waɗanda yawansu ya kai kusan 13,000, su ɗauki malamai, su sayi littattafai, su zaɓi yadda za a koyar. A mafi yawan gundumomi mutanen gari ne ke zaɓen mambobin hukumar gudanarwa ta hanyar ƙuri'a, ita kuma hukumar ta ɗauki shugaba mai cikakken iko a kan aikin yau da kullum, ta kuma sallame shi idan ta ga dama. Kusan rabin kuɗin makarantu daga cikin gari yake fitowa, akasari daga harajin gidaje da filaye, jiha ta ba da kwatankwacin haka, abin da tarayya ke bayarwa kuwa bai cika wuce kashi 10 cikin 100 ba.

Mai karatu a Nijeriya zai iya tuna hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, amma kamannin bai yi nisa ba, domin sakataren ilimi naɗa shi ake yi daga sama, alhali mamban hukumar gunduma a Amurka maƙwabci ne da za a haɗu da shi a kanti, wanda kuma zai dawo neman ƙuri'a. Dokokin jihohi sun wajabta a yi zaman hukumar a bainar jama'a, kuma a al'ada ana ware lokaci da kowa zai miƙe ya yi magana, galibi na minti biyu ko uku. Saboda haka uban da ya ga an sauya yadda ake koyar da 'yarsa ba tare da an tuntuɓe shi ba yana jin an taɓa kayansa ne, tunda da harajinsa aka gina ajin, kuma yana da inda zai kai kuka a ji shi.

Abin da ake nufi da koyo ta hanyar aiki

A nan ne ruɗanin farko yake. Akwai aikin da malami kan bayar bayan ya gama koyar da darasi, a ce yara su je su zana taswira ko su haɗa siffar dutse mai aman wuta da kwali, a kawo a jera a bayan aji. Masu fafutukar tsarin, irin su cibiyar Buck da ke Kalifoniya wadda yanzu ake kira PBLWorks, suna kamanta irin wannan da kayan zaƙin da ake ci bayan an ƙoshi. Abin da su suke nufi shi ne aikin ya zama shi ne tuwon: a fara da tambaya ta gaske wadda ba a amsa ta da jimla ɗaya, yara su shafe makonni suna bincike, malami yana shigo da darasin karatu ko lissafi ko kimiyya a daidai inda aikin ya buƙace shi, su yi gwajin farko a soki aikin, su gyara, a ƙarshe su gabatar da shi ga mutanen da ba 'yan ajinsu ba.

Misali daga jihar Mishigan zai fi fito da abin fili. A wani shiri da masu bincike na jami'o'in jihar suka tsara wa 'yan aji biyu na firamare a unguwannin marasa ƙarfi, an fita da yara zuwa filin shaƙatawa na unguwarsu, suka ɗauki hotunan abin da ya lalace, suka tsara 'yan tambayoyi suka ji ra'ayin mazauna wurin, suka koyi wane ofishi ne ke da alhakin gyara, sannan suka rubuta takardar neman gyara suka gabatar wa wani jami'in gari da ya zo ya saurare su. Yaro ɗan shekara bakwai da ya yi wannan ya karanta rubutu mai ba da bayani, ya ƙirga amsoshi ya zuba su a jadawali, ya yi rubutun jan hankali, ya kuma san bambancin aikin gwamnati da na ɗan ƙasa, duk a cikin aiki ɗaya. A wani shirin kimiyya na 'yan aji uku, tambayar da aka buɗe darasi da ita ita ce me ya sa ake ganin kurege ko'ina amma ba a ganin dabbobin zamanin da da suka ƙare, kuma daga nan aka shiga maganar yadda halitta ke dacewa da muhallinta.

Daga gonar uba zuwa fuskar kwamfuta

Tsarin ya girmi duk wanda ke gardama a kansa yau. A 1908 wani malami mai suna Rufus Stimson, wanda ya shugabanci makarantar koyon noma a Northampton ta jihar Massachusetts, ya fito da dabarar cewa kowane ɗalibi ya ɗauki aiki guda a gonar gidansu, ko kiwon kaji ko noman wani yanki, ya riƙa rubuta abin da ya kashe da abin da ya samu, malami yana zagayowa yana dubawa. A 1918 William Heard Kilpatrick na kwalejin horar da malamai ta Jami'ar Columbia ya wallafa maƙalar da ta yaɗa tunanin zuwa kowane fanni, yana jingina da koyarwar John Dewey, wanda ya buɗe makarantar gwaji a Shikago tun 1896. Abin ya bazu har Tarayyar Sobiyet, inda aka rungume shi a shekarun 1920, kafin kwamitin tsakiya na jam'iyyar kwaminis ya yi tir da shi a 1931 bisa hujjar cewa yara suna fitowa ba su da cikakken sani a darussa. Shi kansa Dewey ya yi gargaɗi a 1938 cewa sakar wa yaro mara ya yi abin da ransa ke so ba shi ne ilimi ba.

Abin lura a labarin Stimson shi ne inda aikin yake gudana. Uban yaron ba ya buƙatar takardar sanarwa daga makaranta, domin kajin a tsakar gidansa suke, idan sun yi ƙiba ya gani, idan sun mutu ya gani. Tsarin ya fara ne a wurin da iyaye ke iya auna shi da idonsu, kuma yawancin rigimar da ake yi yanzu ta samo asali ne daga gushewar wannan damar.

Abin da bincike ya nuna, da abin da bai nuna ba

Hujja mafi ƙarfi da magoya baya ke riƙe da ita ta fito ne a 2021. Masu bincike na Jami'ar Kudancin Kalifoniya sun raba makarantu gida biyu ta hanyar ƙuri'a a manyan gundumomi biyar, inda ɗalibai fiye da 3,600 ke karatun darussan share fagen jami'a na tsarin gwamnatin Amurka da kimiyyar muhalli. Yawan waɗanda suka ci jarrabawar ƙasa a ajujuwan da aka koyar ta hanyar aiki ya ɗara na sauran da kusan maki 8 cikin 100, kuma 'ya'yan marasa ƙarfi ma sun amfana. Wani gwajin na Jami'ar Jihar Mishigan a makarantu 46, da yara 2,371 'yan aji uku, ya sami irin wannan rata a jarrabawar kimiyya. Ya kamata dai a faɗa cewa gidauniyar George Lucas, wadda ta daɗe tana tallata tsarin, ita ce ta ɗauki nauyin waɗannan binciken, kuma a dukansu an ba malamai manhaja tsararriya da horo mai tsawo da masu bibiyar aikinsu a aji, abin da ba kowace gunduma ke iya yi ba.

A Ingila labarin ya sha bamban. Gidauniyar Education Endowment Foundation ta gwada tsarin a kan 'yan ajin farko na sakandare, ta fitar da sakamako a 2016 cewa ba a ga ci gaba a karatu da rubutu ba, kuma yaran da suka cancanci abincin makaranta kyauta, wato 'ya'yan talakawa, baya ma suka yi. Masu tantancewar sun ce a yi taka-tsantsan da alƙaluman saboda makarantu da yawa sun fice kafin a gama, sai dai ficewar ita kanta tana faɗin wani abu game da wahalar aiwatar da tsarin. Tun a 2006 masana halayyar koyo uku, Kirschner da Sweller da Clark, suka yi jayayya cewa ɗan koyo da bai da tushe a fanni yana buƙatar a nuna masa hanya ƙarara, domin ƙwaƙwalwa ba ta iya riƙe sabbin abubuwa da yawa a lokaci guda. Idan aka haɗa waɗannan duka, a ganina abin da ya fito shi ne tsarin yana aiki a hannun malamin da aka horar, wanda bai daina koyarwa ba, kuma yana iya cutar da yaro mai rauni idan aka mayar da shi hanyar barin yara su yi ta lalube.

Abin da uwa ke gani idan ta buɗe jakar ɗanta

Iyaye ba sa karanta rahoton bincike, jakar makaranta suke karantawa. Uwar da ta saba ganin littafin rubutu cike da darasi, da jan biro na malami, da aikin gida na lissafi guda ashirin, tana da ma'aunin da take gane ko ɗanta yana tafiya daidai. Ranar da ta buɗe jaka ta ga babu komai sai kwamfutar tafi-da-gidanka, ta tambayi yaro me aka koya musu ya ce suna nan suna aiki da ƙungiyarsu, ta duba sakamako ta ga an maye gurbin maki da wasu matakai na iya nazari da iya haɗin kai, to an karɓe mata ma'aunin ba a ba ta wani ba. Tambayoyin da za su biyo baya kusan iri ɗaya ne a ko'ina: idan yara huɗu suka yi aiki tare, ta yaya za a san wanda ya yi da wanda ya raɓe? Shin za a gama manhaja kafin jarrabawar jiha? Yaron da yake da kunya, ko wanda Turanci ba harshensa na gida ba ne, ina matsayinsa a ranar gabatarwa?

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ta zama tambayar jahilci, kuma malaman da suka ƙware a tsarin suna da amsoshinsu, kamar ba kowane yaro makinsa daban a kan abin da ya sani ko da aikin na ƙungiya ne. Matsalar ita ce sau da yawa ba a ba da amsar sai bayan an fara, a lokacin da zargi ya riga ya shiga.

Cheshire da Brooklyn da Kansas

Tsarin Summit ya taso ne daga wasu makarantu masu cin gashin kansu a Kalifoniya, injiniyoyin Facebook suka taimaka wajen gina manhajarsa ta intanet, daga baya gidauniyar Mark Zuckerberg da matarsa Priscilla Chan ta ɗauki nauyinsa, aka kuma riƙa ba gundumomi kyauta. A rubuce, a wancan lokacin ayyukan bincike ne ke ɗauke da kashi 70 cikin 100 na makin ɗalibi, sauran kuma daga darussan da yake bi shi kaɗai a kwamfuta yana yin gwaji idan ya ji ya shirya, ga ganawa da malami mai ba shi shawara ta kimanin minti goma a mako. An tallata shi da sunan ayyuka da koyo daidai da buƙatar kowane yaro, amma ɓangaren da ke bin yaro har gida, wanda iyaye ke gani kullum, shi ne na zaman gaban kwamfuta.

A Cheshire, inda aka fara da 'yan aji biyar zuwa bakwai, iyaye sun koka da yawan kallon kwamfuta, da wasu shafukan da manhajar ke kai yara waɗanda ba su dace da shekarunsu ba, da kuma rashin sanin inda bayanan 'ya'yansu ke zuwa. A watan Nuwamba na 2018 ɗalibai kusan 100 na wata sakandare a Brooklyn suka fice daga aji don nuna ƙin amincewa, aka kuma janye tsarin daga manyan ajujuwa biyu na makarantar. A 2019 abin ya kai garuruwan McPherson da Wellington a jihar Kansas, inda aka ga alluna a ƙofar gidaje da sunan Summit an ja masa jan layi, kuma a wani jin ra'ayi da gundumar McPherson ta yi da kanta, kashi 77 cikin 100 na iyayen da suka amsa sun ce ba sa son 'ya'yansu su zauna a ajin da ake amfani da shi. A wannan shekarar ce kuma aka sami labarin cewa Summit ta biya masu bincike na Jami'ar Harvard su tsara yadda za a auna ingancin tsarin, sannan ta fasa yin binciken.

Adalci ya sa a faɗa cewa a duk waɗannan garuruwa akwai malamai da iyaye da suka yaba da tsarin, kuma makarantu da dama sun ci gaba da shi ba tare da hayaniya ba. Amma kalmar rashin fahimta da hukumomi ke saurin ɗauka tana da illa, domin tana mayar da kowane ƙorafi kuskuren mai ƙorafin. Uban da ya ce ɗansa yana dawowa da ciwon kai bayan sa'o'i a gaban kwamfuta ya fahimci abin da ke faruwa sarai. Akwai kuma tarkon da ke cikin kayan kyauta: abin da za a saya da kuɗin haraji sai ya bi ta muhawarar kasafi inda kowa zai ji labarinsa, abin da aka bayar a banza kuwa yana iya shiga aji da sa hannun 'yan mutane kaɗan.

Sanarwa daban, shawara daban

Galibin gundumomi suna da jami'in hulɗa da jama'a, da wasiƙar mako ta imel, da shafin Facebook, kuma dokar ilimi ta tarayya ta 2015 ta ce duk gundumar da ke karɓar fiye da dala 500,000 na tallafin yara marasa galihu dole ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 don jawo iyaye a jiki. Duk da haka yawancin abin da ake kira sadarwa sanarwa ce kawai, wato an gama yanke hukunci sannan a kira taro a yi bayani da kalmomin ƙwararru. Ko ƙasar Finlan, wadda ake yi wa kallon zakaran gwajin dafi a ilimi, ta ɗanɗana yadda labari ke karkacewa: a 2015 jaridu suka baza cewa ta soke darussa gaba ɗaya, alhali abin da sabuwar manhajarta ta tanada shi ne kowane ɗalibi ya yi aƙalla aiki ɗaya a shekara da ya haɗa fannoni da yawa, lissafi da tarihi suna nan a inda suke.

Inda tsarin ya yi saiwa, za a tarar an mayar wa iyaye da abin da uban ɗalibin Stimson yake da shi. Makarantar New Technology da aka buɗe a Napa a 1996 ta fito ne daga tattaunawa tsakanin gundumar da 'yan kasuwar garin da ke kukan cewa masu gama sakandare ba su iya aiki ba, don haka tun farko akwai mutanen gari a cikin maganar. A makarantun High Tech High da suka fara a San Diego a 2000, ana yin daren baje koli inda iyaye da maƙwabta ke shiga aji, yaro ya tsaya kusa da aikinsa ya yi bayani, baƙo ya jefa masa tambaya, a ga ko ya sani ko bai sani ba. Wani abin da ba a cika ambata ba shi ne cewa waɗannan makarantu biyu iyaye ne ke neman a ɗauki 'ya'yansu a can, wanda bai so ba yana da wata makarantar. Gundumar da ta ɗora tsarin a kan kowane yaro a aji guda ba ta da wannan sauƙin, shi ya sa nauyin yin shawara tun kafin a fara ya fi yawa a kanta.

Su wa abin ya fi shafa

Zaman hukumar gunduma da yamma ake yinsa, kuma waɗanda ke iya zuwa su ne masu mota da mai tsare musu yara da bakin magana. Mai aikin dare a asibiti ko masana'anta, da baƙon haure da wasiƙar makaranta ke zuwar masa da harshen da bai iya ba, ba a cika jin muryarsu ba, ko da hukuma ta ci gaba da tsarin ko ta soke shi. Alhali 'ya'yansu ne gwajin Ingila ya nuna sun fi faɗuwa idan aka yi abin da gaggawa, su ne kuma gwajin Mishigan ya nuna suna cin riba idan aka yi shi da kyau. Haka ma idan aikin ya bi yaro gida, wanda ke da intanet da uba injiniya zai kawo abin da ya fi na ɗan'uwansa kyau ba don ya fi shi ƙwazo ba. Wannan ba baƙon abu ba ne ga iyaye a Kano ko Kaduna, inda a wasu makarantun kuɗi idan an ce a kawo furojet, uba ne ke ɗaukar takardar ya kai wa kafinta ko mai walda, a biya kuɗi, yaro ya ɗauko ya kai makaranta a ba shi maki. Malamai su ma suna cikin masu ɗaukar nauyin, domin tsara aikin makonni shida da auna yara talatin ɗaya bayan ɗaya yana cin lokaci fiye da bin littafi shafi-shafi, kuma idan gunduma ta soke tsarin a tsakiyar shekara, kamar yadda aka yi a Cheshire, su ne za su koma aji a watan Janairu su sake shirya darussan rabin shekara daga farko.